Al-Musrati, ɗan wasan tsakiya na Libiya: tambayoyi da amsoshi kan rayuwarsa ta tamaula

Wane ne Al-Musrati, kuma daga ina ya fito?

Cikakken sunansa Al-Mu'utasim Billah Ali Muhammad Al-Musrati, kuma an haife shi ranar 6 ga Afrilun 1996 a Misrata, birnin da ke bakin Bahar Rum a gabas da Tarabulus, babban birnin Libiya. Ɗan wasan tsakiya ne mai taimaka wa masu tsaron baya, wato wanda masu kallo suka fi sani da lamba shida. Ya yi suna a gida tare da Al-Ittihad ta Tarabulus, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyi biyu na birnin, wadda aka kafa a 1944 kuma ta daɗe tana hamayya da Al-Ahli. Daga 2017 ya koma taka leda a ƙasashen Turai: ya fara da Portugal, inda ya fi daɗewa, sannan Turkiyya da Faransa da Italiya.

Mene ne ainihin aikinsa a cikin fili?

Wanda ya saba auna ɗan wasa da yawan ƙwallayen da ya zura a raga ba zai ga abin yabo da yawa a tarihin Al-Musrati ba, domin aikinsa ba na cin ƙwallo ba ne. Wurin tsayuwarsa shi ne gaban 'yan baya na tsakiya. Idan ƙungiyarsa ta rasa ƙwallo, shi ne zai toshe hanyar da abokan hamayya za su bi ta tsakiyar fili, ya tare fasin tun bai isa ga ɗan wasan gaba ba. Idan kuma ƙwallo ta dawo hannun ƙungiyarsa, yakan ja da baya ya karɓe ta daga ƙafar 'yan baya, ya ɗaga kai, ya aika ta can gefe ga ɗan wasan da ya sami sarari. Wannan doguwar ƙwallo mai ratsa fili daga wannan kusurwa zuwa waccan tana cikin abubuwan da magoya bayan ƙungiyar Braga ta Portugal suka fi tunawa da shi.

Dogo ne, yana da ƙarfin jiki da iya tsalle, kuma ba ya cikin masu rawar ƙafa idan an matsa masa. Rauninsa shi ne gudu. Idan ƙungiya ta watse aka bar masa fili mai faɗi shi kaɗai, ɗan wasa mai sauri yana iya wuce shi, kuma a irin wannan hali ne yake yin ƙetar da ke jawo masa katin gargaɗi. Saboda haka wasansa yana kyau ne idan kowa a kewayensa ya san wurin tsayuwarsa, kuma wannan shi ne abin da ya fi bayyana bambancin da ke tsakanin shekarunsa na Braga da waɗanda suka biyo baya.

Da gaske ne ya ci kofi da Libiya tun yana ɗan shekara 17?

Haka ne. Yana cikin tawagar da koci Javier Clemente ɗan Sifaniya ya kai Afirka ta Kudu a watan Janairun 2014 domin gasar CHAN, wadda ake ware wa 'yan wasan da ke buga gasar cikin gida kawai. Da farko Libiya ce aka ba wa masaukin baƙin gasar, amma halin tsaron da ƙasar ta shiga bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 ya sa aka mayar da ita Afirka ta Kudu.

Yadda Libiya ta ci kofin abin mamaki ne, domin wasa ɗaya tak ta yi nasara a cikin minti 90, wato wanda ta doke Habasha da ci 2-0 a rukuni. Ta yi kunnen doki da Ghana, 1-1, ta kuma tashi 2-2 da Kongo. Daga nan duk wasannin sili-ɗaya-ƙwale guda uku da bugun fenariti ta tsallake su: Gabon a zagayen kwata-fainal, Zimbabwe a wasan daf da ƙarshe, sannan Ghana a wasan ƙarshe da aka yi a Cape Town ranar 1 ga Fabrairu, inda aka tashi babu ci har bayan ƙarin lokaci, Libiya ta yi nasara da 4-3 a fenariti. Gwarzon wannan tafiya shi ne mai tsaron raga Muhammad Nashnush. Har yau wannan ne babban kofin nahiya ɗaya tilo da babbar tawagar ƙasar ta ɗauka, kuma ya zama ramuwa a kan Ghana, wadda ta doke Libiya da fenariti a wasan ƙarshe na Kofin Nahiyar Afirka na 1982 a Tarabulus.

Masu bibiyar ƙwallon Najeriya za su tuna da gasar ta wata fuskar. Ita ce wadda tawagar marigayi Stephen Keshi ta farke ƙwallo uku da Moroko ta zura mata, ta yi nasara da 4-3, inda Rabiu Ali na Kano Pillars ya ci ɗaya daga ciki. Ghana ce ta fitar da Najeriya da fenariti a wasan daf da ƙarshe, ba don haka ba da Najeriya da Libiya ne za su haɗu a wasan ƙarshe.

Yaya aka yi ya isa Portugal, kuma me ya sa bai yi suna nan take ba?

A farkon 2017 ya koma Vitória da ke birnin Guimarães a arewacin Portugal. A lokacin gasar Libiya ba ta da tabbas, ana buga kaka ɗaya a soke ta gaba, saboda haka matashin da ke son ci gaba ba shi da zaɓi illa ya nemi hanyar fita. Ba shi ne ɗan Libiya na farko da ya bi wannan hanya ba: Djamal Mahamat, shi ma ɗan wasan tsakiya, ya buga wa Beira-Mar da Braga, Hamdou Elhouni kuma ya fara da Santa Clara kafin Benfica ta saye shi ta riƙa ba da shi aro.

A Guimarães mafi yawan wasanninsa a ƙaramar ƙungiyar kulob ɗin ya yi su, wadda ke buga gasar rukuni na biyu. Ɗan wasan da ya riga ya ɗaga kofin nahiya da ƙasarsa sai ga shi yana koyon harshe da salon wasa daga tushe a filayen da 'yan kallo ba su da yawa. Ƙofa ba ta buɗe masa sosai ba sai a kakar 2019-2020, lokacin da aka ba da shi aro ga Rio Ave ƙarƙashin koci Carlos Carvalhal. A wannan kaka Rio Ave, ƙungiyar ƙaramin garin masunta na Vila do Conde, ta ƙare a matsayi na biyar ta sami gurbin wasannin share fagen gasar Europa. Da Carvalhal ya koma Braga a bazarar 2020, sai Al-Musrati ya bi shi.

Me ya sa komawarsa Braga ta zama abin magana?

Domin Braga da Vitória maƙwabta ne kuma abokan hamayya na gaske. Garuruwan biyu suna yankin Minho, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tafiyar sa'a guda a mota ba, kuma wasan da suke yi da juna yana cikin mafi zafi a ƙasar. Ɗan wasan da Vitória ta kawo Turai ta rene shi amma ba ta ba shi dama ba, shi ne ya koma gidan kishiya ya zama ginshiƙi.

Waɗanne nasarori ya samu a Braga?

Nan ne ya kamata a tsaya, domin shekaru uku da rabi da ya yi a Braga su ne zuciyar tarihinsa. Sai an san matsayin ƙungiyar kafin a gane darajar abin da aka yi. A Portugal ƙungiyoyi uku ne suka mamaye gasar, Benfica da Porto da Sporting, kuma sau biyu kacal wata ƙungiya dabam ta taɓa lashe ta, wato Belenenses a 1946 da Boavista a 2001. Braga ta daɗe tana ƙoƙarin zama ta huɗu da ƙarfin da bai kai na waɗancan ba, tana sayen 'yan wasa da araha ta sayar da tsada. Filin wasanta ma dabam yake: an sassaƙa shi ne a jikin dutsen wata tsohuwar mahaƙa domin gasar Turai ta 2004, wuraren zama a gefe biyu kawai suke, bayan raga ɗaya kuwa bangon dutse ne tsagwaro.

A kakarsa ta farko ya ci ƙwallo a mintunan farko na wasan gasar Europa da Leicester City a watan Nuwamban 2020, wasan da aka tashi 3-3. A watan Janairun 2021 Braga ta kai wasan ƙarshe na ƙaramin kofin lig, Sporting ta doke ta da 1-0. Amma a babban Kofin Portugal ta fitar da Porto a wasan daf da ƙarshe, har da nasarar 3-2 a gidan Porto, sannan ranar 23 ga Mayun 2021 ta doke Benfica da 2-0 a Coimbra, da ƙwallayen Lucas Piazon da Ricardo Horta. Wannan ne karo na uku da Braga ta ɗauki kofin, bayan na 1966 da na 2016.

A kaka ta biyu ƙungiyar ta kai zagayen kwata-fainal na gasar Europa, inda Rangers ta Scotland ta fitar da ita. Bayan tafiyar Carvalhal a 2022 sai Artur Jorge, ɗan gida, ya karɓi ragama, kuma sabon kocin bai taɓa matsayin Al-Musrati ba. A kakar 2022-2023 Braga ta ƙare ta uku da maki 78, a saman Sporting, ta kuma sake kai wasan ƙarshe na Kofin Portugal, inda Porto ta yi nasara da 2-0. Matsayi na uku ya ba ta damar shiga share fagen gasar Zakarun Turai, ta fitar da Panathinaikos ta Girka, ta faɗa rukuni ɗaya da Real Madrid da Napoli da Union Berlin, ta ƙare ta uku. A ƙarshen Janairun 2024, 'yan kwanaki kafin ya bar ƙungiyar, Braga ta ƙara da ƙaramin kofin lig bayan doke Estoril da fenariti.

Abin lura shi ne a duk wannan lokaci kociyoyi biyu kacal ya yi aiki da su, kuma abokan wasa irin su Ricardo Horta da mai tsaron raga Matheus suna nan tun zuwansa har tafiyarsa.

Yaya zamansa a Beşiktaş ya kasance?

Ya koma ƙungiyar ta birnin Santambul a watan Fabrairun 2024, da farko a matsayin aro tare da sharaɗin saye, a kan kuɗin da ya haura Yuro miliyan 10, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ƙungiyar Turkiyya. Kocin da ya tarar shi ne Fernando Santos, wanda ya ci wa Portugal kofin Turai a 2016, amma a watan Afrilu aka sallame shi, aka ba Serdar Topraktepe riƙon ƙwarya.

Ƙarƙashin wannan mai riƙon ƙwarya ne Al-Musrati ya ci ƙwallon da ta fi kowace muhimmanci a rayuwarsa. Ranar 23 ga Mayun 2024, shekara uku cif bayan kofin Coimbra, Beşiktaş ta kara da Trabzonspor a wasan ƙarshe na Kofin Turkiyya a filin Olamfik na Atatürk. Paul Onuachu na Najeriya ne ya fara ci wa Trabzonspor. Rachid Ghezzal na Aljeriya ya farke da fenariti daf da hutun rabin lokaci, Salih Uçan ya ƙara ta biyu bayan an dawo. Saura minti ɗaya a cika 90 Nicolas Pépé na Kodebuwa ya farke, kowa ya fara shirin ƙarin lokaci. Ana cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara sai ƙwallo ta faɗo wa Al-Musrati a wajen da'irar mai tsaron raga, ya narka ta cikin raga, aka tashi 3-2. Huɗu daga cikin ƙwallaye biyar na wannan dare 'yan Afirka ne suka ci su.

A watan Agusta ƙungiyar ta lallasa Galatasaray da 5-0 a kofin buɗe kaka ƙarƙashin sabon koci Giovanni van Bronckhorst, aka zaci an kama hanya. Kafin shekara ta ƙare shugaban kulob ɗin Hasan Arat ya yi murabus, aka rabu da van Bronckhorst, Topraktepe ya sake riƙon ƙwarya, sannan aka kawo Ole Gunnar Solskjær a Janairun 2025. Cikin shekara ɗaya mutum huɗu ne suka jagoranci ƙungiyar. Magoya baya sun riƙa sukar Al-Musrati da cewa nauyin jikinsa bai dace da kuɗin da aka kashe ba. Akwai gaskiya a sukar, amma ba adalci ba ne a ɗora wa lamba shida laifin ƙungiyar da ake sauya mata tsari kowane wata uku.

Me ya faru da shi a Monaco?

An ba da shi aro ga Monaco a watan Fabrairun 2025, kuma 'yan kwanaki da zuwansa ya tsinci kansa a wasan gasar Zakarun Turai da Benfica, ƙungiyar da ya sani sarai. Benfica ta ci ƙwallo ta hannun Vangelis Pavlidis jim kaɗan bayan dawowa daga hutu. 'Yan mintuna bayan haka aka yi wa wani ɗan Monaco ƙeta, Al-Musrati ya ɗaga hannu yana yi wa alƙalin wasa alamar ya ba da kati. Da yake yana da katin gargaɗi tun farko, alƙalin ya ba shi na biyu, ya kore shi daga fili. Hukuncin ya jawo muhawara, Monaco ta ce an yi tsauri, sai dai doka ta ba alƙalin wasa damar gargaɗin duk wanda ya nemi a ba wani kati. Monaco ta sha kashi da 1-0, aka tashi 3-3 a Lisbon ba tare da shi ba, aka fitar da ita.

A gasar Faransa kuwa ƙungiyar Adi Hütter ta ƙare a matsayi na uku, amma ba ta saye shi ba da wa'adin aron ya cika. A watan Agustan 2025 Beşiktaş ta sake ba da shi aro, wannan karo ga Hellas Verona ta Italiya.

Me ya sa ba a taɓa ganinsa a gasar cin Kofin Nahiyar Afirka ba?

Domin Libiya ba ta sake samun gurbi ba tun 2012, lokacin yana ɗan shekara 15. Sau uku kawai ƙasar ta taɓa halartar gasar, a 1982 da 2006 da 2012, kuma ba ta taɓa zuwa Kofin Duniya ba. Ita ce ya kamata ta karɓi baƙuncin gasar 2013, aka yi musaya da Afirka ta Kudu aka ba ta ta 2017, sannan ta janye daga wannan ma a 2014 da yaƙin basasa ya sake ɓarkewa.

Babbar matsalar tsararrakin Al-Musrati ita ce rashin gida. Shekaru kusan bakwai tawagar ba ta buga wasa a ƙasarta ba saboda haramcin da aka sanya kan dalilan tsaro, tana karɓar baƙi a Tunisiya da Masar da Moroko. A Afirka, inda nasarar gida ce ke kai ƙasa gasa, wannan babbar asara ce. A share fagen gasar 2019 wasanta na gida da Najeriya a Sfax ta Tunisiya aka buga shi, Najeriya ta ci 3-2 bayan ta yi nasara da 4-0 a Uyo, inda Odion Ighalo ya ci uku. Duk da haka Libiya ta isa wasan ƙarshe na rukunin tana buƙatar nasara a kan Afirka ta Kudu, a Sfax ɗin dai, Percy Tau ya ci wa Afirka ta Kudu biyu aka tashi 2-1. An ɗage haramcin a 2021, kuma a wasan farko da aka yi a Benghazi a watan Maris Tunisiya ta doke masu masaukin baƙi da 5-2.

Ga kuma yawan sauya kociyoyi, da gasar cikin gida da ta sha tsayawa, da rigingimun shugabanci. A share fagen gasar 2025 Libiya ta ƙare ta ƙarshe a rukunin Najeriya da Benin da Ruwanda, bayan dambarwar filin jirgin Al-Abraq ta watan Oktoban 2024, lokacin da aka karkatar da jirgin Super Eagles, 'yan wasan suka kwana a filin jirgi, suka ƙi buga wasan. Hukumar CAF ta ba Najeriya nasarar 3-0, ta ci tarar Libiya dala 50,000, ko da yake Libiya ta ce ita ma an wahalar da tawagarta a Najeriya kwanaki kaɗan kafin nan. A watan Maris na 2025 hukumar ƙwallon ƙasar ta ɗauko Aliou Cissé, wanda ya ci wa Senegal kofin nahiya.

A ina hanyarsa ta haɗu da ta 'yan wasan Najeriya?

A wurare da dama. Kelechi Iheanacho ya ci Braga ƙwallo biyu lokacin da Leicester ta doke ta da 4-0 a Ingila a 2020. Victor Osimhen ya ci Braga ƙwallo ɗaya a wasan ƙarshe na rukunin gasar Zakarun Turai a Napoli a Disambar 2023. Onuachu kuwa shi ne wanda ƙwallon Al-Musrati ta hana wa kofi a Santambul. A watan da ya tafi Verona ne Beşiktaş ta sayi Wilfred Ndidi daga Leicester domin ya riƙe wannan gurbi na lamba shida, a Verona kuma ya zama abokin wasan Gift Orban.

Shi ne ɗan wasan Libiya mafi girma a tarihi?

Wannan ya danganta da ma'aunin da aka ɗauka. Idan ana maganar matakin da ɗan wasa ya kai a Turai, da wuya a sami wanda ya kamo shi, domin ya ɗaga kofuna a Portugal da Turkiyya, ya buga gasar Zakarun Turai da ƙungiyoyi biyu. Jehad Muntasser ya ratsa ta Arsenal a ƙuruciyarsa ya kuma yi shekaru a Italiya, amma bai zama ginshiƙin wata babbar ƙungiya ba. Elhouni ya fi haskawa a Afirka tare da Espérance ta Tunis, har ya ci ƙwallo uku a wasa ɗaya a gasar cin kofin ƙungiyoyin duniya ta 2019.

Idan kuwa ana maganar abin da ɗan wasa ya yi wa rigar ƙasa da yadda ya shiga zukatan 'yan kallo, 'yan Libiya da dama za su fara ambatar Tarik El-Taib, kyaftin mai gwaninta da ƙwallo wanda ya jagoranci tawagar zuwa gasar nahiya ta 2006 a Masar ya kuma taka leda a Tunisiya da Turkiyya da Saudiyya. Dattawa kuma za su koma kan Fawzi Al-Issawi da Ali Al-Beshari, taurarin tawagar 1982 da ta kai wasan ƙarshe a gaban jama'arta. Waɗannan duka sun buga babbar gasar nahiya, abin da Al-Musrati bai samu ba tukuna, kuma zai cika shekara 31 a 2027, shekarar da Kenya da Tanzaniya da Uganda za su karɓi baƙuncin gasar.